Jirgin Da Ke Tsere wa Iskar Da Ke Tura Shi

Kowa ya san cewa idan guguwa ta kwashi ganye ko takarda, iyakar gudun da za su yi shi ne gudun guguwar. Abin da ake turawa ba ya wuce mai tura shi. Saboda haka idan aka ce wa ɗalibi akwai abin hawa da ba shi da inji, ba ya shan mai, iska kaɗai ke tafiyar da shi, amma kuma gudunsa ya ninka na iskar sau huɗu ko biyar, ba laifi ba ne idan ya yi musu. Sai dai abin ya tabbata, an kuma auna shi. A watan Disamba na 2022 wani matuƙi mai suna Glenn Ashby ya yi gudun kilomita 222 a sa'a a kan busasshen tafkin gishiri na Gairdner da ke kudancin Ostareliya, alhali iskar da ke kaɗawa a lokacin ba ta fi kilomita 41 a sa'a ba. Wani abin sha'awa kuma, mafi yawan masu wannan wasa mutane ne masu sana'o'insu daban, waɗanda ke sassaƙa jiragensu da hannunsu a garejin gida.

Asalin abin

Ana kiran waɗannan abubuwan hawa jirage ne don sun gaji sura da kayan aikin jirgin ruwa mai tafiya da iska: akwai jigo a tsaye, akwai kuma babban ƙyalle mai ƙarfi da ake ɗaurawa a jikinsa don ya kama iska, wato filafili. Iri biyu ne. Akwai mai tayoyi, wanda ke tafiya a kan yashin bakin teku ko busasshen tafki, akwai kuma mai tafiya a kan ƙanƙara bisa wasu ƙarafa masu kaifi kamar wuƙaƙe.

Wani littafin ƙasar Sin na ƙarni na 6 ya ambaci keken da iska ke tuƙawa. A Turai kuwa, wajen shekarar 1600 masanin lissafin nan Simon Stevin ya ƙera wa Yarima Maurits na Holan wani babban keke mai filafili, wanda aka ce ya ɗauki mutum 28 daga Scheveningen zuwa Petten ta bakin teku, tafiyar kusan kilomita 80, cikin sa'o'i biyu. Babu dokin da zai jure wannan gudu na tsawon lokaci haka. Mutanen Holan ɗin dai su ne suka riƙa ɗaura katako da ƙarafa a ƙarƙashin kwalekwalensu don su ci gaba da dakon kaya idan magudanan ruwansu sun daskare.

Daga nan al'adar ta haura zuwa Amurka, ta zauna a kogin Hudson da ke jihar New York. A ƙarni na 19 wasa ne na attajirai. Wani jirgi mai suna Icicle da aka ƙera wa John Roosevelt a 1869 ya kai mita 21 a tsawo, filafilinsa kuma ya kusa murabba'in mita 100. Da yake layin dogo yana bin gefen kogin, matuƙan sukan yi tsere da jirgin ƙasa, kuma idan iska ta yi kyau sukan bar shi a baya. Mai tayoyi ya zama wasa ne a bakin tekun Beljiyam da arewacin Faransa tun daga 1898. Ya ma taɓa ratsa Sahara: a 1967 wani hafsan sojan Faransa ya shirya tsere daga Bashar ta Aljeriya har zuwa Nuwakshot ta Muritaniya, tafiyar fiye da kilomita 2,000.

Yadda ya shiga hannun talaka

A shekarun 1930 tattalin arzikin Amurka ya karye, ba kowa ne ke da kuɗin ƙera ƙaton jirgi ba. Jaridar Detroit News tana da wani ɗakin sassaƙa da take koya wa masu karatunta aikin hannu. A nan ne, tsakanin 1936 da 1937, shugaban kafintocin ɗakin, Archie Arrol, tare da wasu matuƙa biyu, Joseph Lodge da Norman Jarrait, suka fito da zanen ƙaramin jirgin ƙanƙara na mutum ɗaya. Manufarsu ita ce ya zama mai araha, wanda mutum zai iya haɗawa a gida da zarto da gam da ƙusa, ya ɗaure shi a kan rufin mota ya kai tafki. Daga baya aka riƙa kiransa DN, wato haruffan farko na sunan jaridar.

Tsawon DN mita 3.7 ne. Gangar jikinsa siririn akwati ce ta katako mara nauyi, wadda dokar gasa ta ce kada ta gaza kilo 21. Matuƙi yakan kwanta a ciki rigingine, kansa kaɗai ke ɗagowa. A ƙarƙashin akwatin, daga baya, an gitta falanki mai tsawon mita 2.4, kowane gefensa da wuƙa ɗaya. Wuƙa ta uku tana gaba, ita ake juyawa da sandar tuƙi. Jigon yana da tsawon mita 4.9, filafilin kuwa murabba'in mita 5.6 ne kacal, bai kai ɗaya bisa goma sha biyar na filafilin Icicle ba. Duk da haka yakan yi kilomita 90 a sa'a ko fiye idan ƙanƙara ta yi sumul. Sanya wuƙar tuƙi a gaba ba ƙaramin ci gaba ba ne. Tsofaffin jiragen Hudson daga baya ake tuƙa su, kuma idan iska ta matsa musu, wuƙar bayan takan ɗaga, jirgi ya yi ta juyi kamar katantanwa har ya watsar da mutanensa.

DN ya bazu har zuwa Holan da Suwidin da Jamus da Polan da Istoniya, an ƙera dubbai, ya zama jirgin ƙanƙarar da ya fi kowane yawa a duniya. Wani ɗan Polan, Karol Jabłoński, ya ci gasar duniya ta DN fiye da sau goma.

Iska biyu

Don a gane sirrin gudun, sai an rarrabe iska iri biyu. Ta farko ita ce wadda mutumin da ke tsaye wuri ɗaya yake ji. A nan za a kira ta iskar gari. Ta biyu ita ce wadda mai tafiya ke ji. Za a kira ta iskar fuska. Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san ta. Ko da gari ya yi tsit, da zarar ya fara gudu zai ji iska na bugun fuskarsa, rigarsa na kaɗawa baya. Idan kuma akwai iskar gari da ke zuwa daga dama, ba zai ji iska biyu dabam-dabam ba. Guda ɗaya zai ji, tana zuwa daga gaba ta ɓangaren dama. Filafili ma haka yake, iskar fuska kaɗai ya sani.

Ga lissafin da ɗalibin da ya san ƙa'idar Faisagoras zai iya yi. A ɗauka iskar gari tana kaɗawa kilomita 20 a sa'a, daidai daga gefen jirgi, jirgin kuma yana gudun kilomita 60 a sa'a. Sai a zana alwatika mai kusurwar digiri 90, gefe ɗaya 20, ɗayan 60. Dogon gefen shi ne iskar fuska: 20 sau 20 ya ba da 400, 60 sau 60 ya ba da 3,600, jimla 4,000, tushensa kuwa kimanin 63. Ke nan iskar da ke bi ta kan filafilin ta kai kilomita 63 a sa'a, ta ninka iskar gari fiye da sau uku. Ƙarfin da iska ke yi a kan abu kuwa yana ƙaruwa ne da murabba'in gudunta: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi ya ninka sau huɗu. A wannan misali, iskar kilomita 63 tana iya yin ƙarfin da ya ninka na iskar kilomita 20 sau goma. Jirgi ya ƙara gudu, iskar fuska ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, jirgi ya sake ƙara gudu. Shi ya sa matuƙin DN yake fara tura jirginsa da gudu, sanye da takalmi mai ƙusoshi, kafin ya faɗa ciki: yana samar wa filafilin iskar farawa ne.

Amma akwai cikas. Alwatikar nan ta nuna cewa iskar fuska ba daga gefe take zuwa ba yanzu. Ta karkato gaba, tazararta da hancin jirgi digiri 18 ce kawai. To, yaya iskar da ke zuwa kusan daga gaba za ta tura jirgi gaba?

Amsar ita ce filafilin ba kamar buhu yake aiki ba, wanda iska ke cikawa ta tura. Yana aiki ne kamar fiffiken jirgin sama da aka tsayar a tsaye. Matuƙi yakan ja igiya ya ɗame shi har ya kusa daidaita da tsakiyar jirgi. Iska na bi ta gefensa biyu, lanƙwasarsa tana karkatar da ita, matsin iska a bayansa ya ragu, na cikinsa ya ƙaru. Dokar Niyuton ta uku ta ce idan filafili ya tura iska ta wani gefe, ita ma za ta tura shi ta ɗaya gefen. Ƙarfin da ke fitowa yana gicciye da hanyar iskar fuska, wato kusan digiri 90 daga gare ta. Tun da iskar ta kauce wa hancin jirgi da digiri 18, ƙarfin ma zai ɗan karkata gaba da digiri 18. Idan aka kasa shi biyu, ɓangaren da ke tura jirgi gefe shi ne babba, ɓangaren da ke tura shi gaba kuwa bai fi sulusin ƙarfin ba.

A nan wuƙaƙen suke shigowa. Ana wasa bakinsu ya zama kamar harafin V mai kusurwar digiri 90. Idan aka tura su gefe sai su ciji ƙanƙara su ƙi motsi, idan aka tura su gaba sai su zame. Jirgin ya zama kamar ƙwallon mangwaro mai santsi da aka matse tsakanin yatsu biyu: yatsun sun ɗan motsa kaɗan, ƙwallon ya fita da gudun da ya fi nasu. Iska ce yatsa ɗaya, ƙanƙara ce ɗayan. Wannan kuma ya amsa tambayar da malamin kimiyyar fiziks zai so ɗalibansa su yi, wato daga ina makamashin yake zuwa. Daga iskar gari yake zuwa. Jirgin na ratsa iska mai yawa cikin ɗan lokaci, yana rage wa kowace gudu kaɗan, ya bar ta a baya da ƙarancin ƙarfi. Idan iskar gari ta ɗauke, iskar fuska za ta koma daga gaba sak, ba abin da za ta yi sai birki.

Ina iyakar take?

Yayin da gudu ke ƙaruwa, kusurwar iskar fuska tana ƙara tsukewa. A iskar kilomita 20 daga gefe, idan jirgi ya kai 80 kusurwar ta zama digiri 14, idan ya kai 100 ta koma digiri 11. Ɓangaren ƙarfin da ke tura gaba yana ta raguwa, abubuwan da ke jan jirgi baya kuma suna ƙaruwa, har su yi daidai. Nan ne iyaka. Saboda haka duk wahalar da maƙeri ke sha a kan abu ɗaya take: rage abin da ke jan jirginsa baya, don ya iya tafiya a kusurwa mafi tsukewa. Wanda ya san sayin a darasin lissafi zai iya gwadawa: iyakar gudun jirgi ita ce gudun iskar gari a raba da sayin na wannan kusurwa. Digiri 30 na ba da ninki biyu, digiri 14 ninki huɗu, digiri 10 kusan ninki shida. Ana samun wannan iyaka ne idan iskar gari na zuwa daga gefe tana ɗan komawa baya.

Wannan ne dalilin da ya sa jirgin ruwa na yau da kullum ba ya yin irin wannan gudu. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma dole jirgi ya keta shi, ya tura shi gefe, ya tayar da igiyar ruwa. Gudun da ya fi kowane a kan ruwa da ƙarfin iska shi ne kilomita 121 a sa'a, wanda Paul Larsen ya yi a gaɓar Namibiya a 2012, da jirgi na musamman. A kan ƙanƙara kuwa gogayya tsakanin ƙarfe da ƙasa kaɗan ce ƙwarai, wajen ɗaya bisa ɗari na nauyin jirgi ko ƙasa da haka.

Dalilin santsin ƙanƙara kansa ya daɗe yana ba masana wahala. Tsofaffin littattafan makaranta suna cewa nauyin da ke kan wuƙa ne ke narkar da ƙanƙara. Lissafi ya nuna wannan bai isa ba, domin matsin ba ya sauke ma'aunin narkewa sai da ɗan kaɗan, alhali ana zamiya ko da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri. A 1939 Bowden da Hughes suka nuna cewa zafin gogayya yana narkar da ɗan siririn ruwa a ƙarƙashin abin da ke zamewa. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 kuma Michael Faraday ya yi hasashen cewa fuskar ƙanƙara tana da wani shafe mai kama da ruwa ko ba a taɓa ta ba, kuma na'urorin zamani sun gaskata shi.

Jirgin da ya nufi inda iska ta nufa kai tsaye ba zai wuce ta ba, domin da zarar ya kamo gudunta iskar fuska ta zama sifiri, filafili ya saki. Shi ya sa matuƙa ba sa bin bayan iska sak. Sukan yi tafiyar maciji, dama da hagu. Hanyar ta fi tsawo, amma da za a saki balan-balan a lokacin da suka tashi, za su riga shi isa.

Aikin maƙeri

Kuskuren da ba zai dami jirgin ruwa ba yana iya kashe wa jirgin ƙanƙara gudu. Wuƙaƙen baya biyu dole su kasance a jere daidai. Idan ɗaya ta karkace ko da milimita ɗaya ne, za ta riƙa kankare ƙanƙara maimakon zamewa. Bakin wuƙar ba miƙaƙƙe ba ne sak, yana da ɗan tudu a tsakiya don jirgi ya iya juyawa, kuma ƙwararru sukan riƙe kala-kala, wata don ƙanƙara mai tauri, wata don mai dusa a kai. Falankin da ke ɗauke da su ana manna shi ne daga fale-falen katako, a ba shi ɗan doro, ya riƙa lotsawa daidai da nauyin mai jirgin. Jigon ma da gangan ake yin sa mai lanƙwasuwa. Da katako ake yi da farko, yanzu an koma zaren gilashi da na kabon. Idan iska ta buso da ƙarfi sai ya tanƙwara, filafili ya baje, ƙarfin ya ragu. In ba haka ba wuƙar da ke ɓangaren iska za ta ɗaga sama, jirgi ya yi tafiya a kan ƙafa biyu, wani lokaci ya kife.

Malamin da ke son nuna wa ajinsa wannan ba ya bukatar ƙanƙara. Ƙaramin katako mai tayoyi uku masu juyawa da sauƙi, da kara a tsaye, da kwali a matsayin filafili, da fanka a gefe, sun isa a kan siminti mai sumul. Ɗalibai za su ga cewa iska daga gefe tana tura shi gaba, kuma idan aka shafa wa tayoyin sabulu suka daina kama ƙasa, sai ya zame gefe kawai.

Masu neman suna a gudu a kan ƙasa suka fi yin nasara, domin busasshen tafki ya fi ƙanƙara tabbas. A 1999 wasu abokai biyu daga jihar Vermont, Bob Dill da Bob Schumacher, suka kai kilomita 188 a sa'a a tafkin Ivanpah da ke iyakar Kalifoniya da Nebada, da jirgin da suka ƙera da kansu, Iron Duck. Wani injiniya ɗan Ingila, Richard Jenkins, ya shafe shekara goma yana ƙoƙari kafin ya kai kilomita 203 a wuri guda a watan Maris na 2009. Jirginsa Greenbird ba shi da ƙyalle ko kaɗan, fiffike ne mai tauri. Glenn Ashby, wanda ƙungiyar tseren jiragen ruwa ta Niyu Zilan ta ƙera wa jirgi, ya ƙara nasa zuwa kilomita 225.6 a watan Fabrairu na 2023. An daɗe ana rubuta cewa wani jirgin ƙanƙara ya yi kilomita 230 a tafkin Winnebago a 1938, amma ba da na'ura mai inganci aka auna ba, kuma tsarin jirgin bai nuna zai iya ba. Zai fi kyau a ɗauke shi a matsayin labari.

Haɗari da neman ƙanƙara

Jirgin ƙanƙara ba shi da birkin tafiya. Mai son tsayawa sai ya juya hancinsa ya fuskanci iska, ya saki igiya, ya bar shi ya ƙare gudunsa. Jirage hamsin na iya tashi tare a gasa, suna gitta juna, don haka dokokin ba da hanya suna da tsauri, hular kwano kuma dole ce. Babban haɗarin dai yana ƙasa. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura ya rage nauyi, shi ya sa ƙanƙara ke yin ɓawo a saman tafki, ruwa mai tsananin sanyi na kwance a ƙarƙashi. Ana so kaurin ɓawon ya kai aƙalla santimita 10 kafin mutum ya taka, amma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina: inda ƙorama ke shigowa ko inda ɓawon ya tsage yakan yi siriri. Matuƙa sukan rataya wasu tsinkunan ƙarfe biyu a wuya, waɗanda wanda ya rufta zai soka a bakin ƙanƙara ya jawo kansa, kuma ba a fita shi kaɗai.

Ƙanƙarar da ake so ita ce mai kauri, mai sumul, wadda dusa ba ta rufe ba, a ranar da ake da iska. Haɗuwar waɗannan ba ta da yawa. Gasar duniya ta DN, wadda ake karɓa-karɓa tsakanin Turai da Arewacin Amurka, ba a tabbatar da wurinta sai ana saura kwanaki kaɗan. Ana tura masu duba tafkuna su huda su auna, wani lokaci kuma ayarin ya kwashe kaya ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa wata jiha ko wata ƙasa. Neman yana ƙara wuya. Kogin Hudson, inda aka yi tsere da jirgin ƙasa, yakan yi shekaru bai daskare yadda za a hau shi ba. A tafkin Mendota na jihar Wisconsin, ɗaya daga cikin cibiyoyin wannan wasa, ana rubuta ranar daskarewa da ranar narkewa tun shekarun 1850. A wancan zamani ƙanƙara takan rufe tafkin wajen wata huɗu a shekara. A 'yan shekarun nan bai fi wata uku ba.